Tambayi Likita: Hannun Ma'aikaci da Ƙarfen da Ido Ba Ya Gani

Saƙonnin da suka taru mini a wannan wata yawancinsu daga masu aikin ƙarfi suka fito, kuma kusan duk kuka ɗaya suke yi. Hannu ya tsage, ƙaiƙayi ya hana barci, an sha magani an shafa mai, abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Na ware guda shida zan amsa, sauran su yi haƙuri, da yawansu za su ga amsarsu a ciki.

Ni ɗan majemi ne. Na tashi ina ganin hannun mahaifina, Allah ya jiƙansa, a rine da ruwan bagaruwa har gwiwar hannu. Daga baya na yi shekaru ina duba ma'aikata a ɗakin shan magani na wata masana'anta, kuma a can na koyi cewa duk wanda ya miƙo mini hannu mai ciwo, kafin in tambaye shi me ya ci ko me ya sha, sai na tambaye shi abin da hannun nan yake taɓawa daga safe zuwa yamma. Wannan tambaya ita ce ba a cika yi wa ma'aikaci ba, a kemis ko a asibiti, shi ya sa mutum ke shekara yana jinyar abin da kullum da safe yake komawa ya tsoma hannu a cikinsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 6 ina aiki a wani kamfanin jima a Kano, a sashen da muke kwashe fata daga ganga bayan ta sha maganin nan da ke mayar da ita shuɗiya. Tun bara bayan hannuna da tsakanin yatsuna suke ƙaiƙayi, su yi ƙananan ƙuraje masu ruwa, su fashe, su bushe, su tsage. Da na je gida hutun babbar salla na kwana 10 sai ya lafa, ina dawowa aiki da kwana 3 ya tashi. Yayata ta ce sammu ne, wani ke neman gurbina. Mai kemis ya ba ni wani mai, in na shafa ya kwanta, in na bari ya dawo fiye da da. Mene ne wannan?
Daga wani ma'aikacin fata, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ba ka lafiya. Rabin amsar kai ka kawo ta da kanka. Ciwon da ya san ranar hutu, ya kuma san ranar komawa aiki, a wurin aiki ake neman tushensa. Addu'a kada ka bari, yayarka ma ƙauna ce ta sa ta damu, amma kada ka ɗauki gaba da abokin aikinka a kan abin da ke cikin ganga.

Maganin da ke mayar da fata shuɗiya gishirin wani ƙarfe ne da ake kira kuromiyam. Iyayenmu da 'ya'yan bagaruwa suke jima, har yau ma haka ake yi a majemar gargajiya, amma tun ƙarshen ƙarni na 19 masana'antu suka koma wa kuromiyam saboda sauri, yanzu kuwa mafi yawan fatar da ake jemewa a duniya da shi ake yi. Iri biyu ne suka shafe mu. Akwai wanda masana ke kira mai lamba uku, shi ne ake zubawa a gangarku, kuma ba ya ratsa lafiyayyar fatar mutum da sauƙi. Akwai mai lamba shida, shi ne mugun, yana ratsa fata kai tsaye, ƙurarsa ko tururinsa in ana shaƙa shekara da shekaru yana iya jawo kansar huhu. Abin lura shi ne mai lamba ukun yana iya rikiɗewa wani ɓangarensa ya koma mai lamba shida a jikin fatar da aka jeme, musamman da zafi da daɗewar ajiya. Saboda haka ne ƙasashen Tarayyar Turai tun 2015 suka hana sayar da kayan fata masu taɓa jiki in mai lamba shida ya kai miligiram 3 a kowane kilo.

To, me ya sami hannunka? Ciwon fata na wurin aiki hanya biyu yake bi. Ta farko cin fata ne kawai: jiƙa ta yini guda, ruwan farar ƙasa da sinadarin cire gashi, da ruwan tsami da ake jiƙa fata a ciki kafin jima, duk suna wanke maiƙon da Allah ya rufe fatar mutum da shi, kamar yadda ruwan damina ke zaizaye katangar da ba a yi wa yaɓe ba. Wannan kowa yana iya samunsa, kuma in an kare hannu yana warkewa. Ta biyu ita ce ta fi tayar mini da hankali. Ta waɗannan tsagun ƙarfen ke shiga, a hankali, wata da watanni ko shekaru, har ranar da jiki zai shaida shi ya ƙulla gaba da shi. Daga ranar nan ko ɗan mitsitsi ya taɓa ka, bayan kwana ɗaya ko biyu ƙuraje za su feso. Wannan gaba kuwa, in ta ƙullu, yawanci har abada ce. Shekara biyar da ka yi lafiya lau sannan abu ya tashi, ga ƙuraje masu ruwa da ƙaiƙayi mai tsanani, sun sa ina zargin ta biyun, amma ba a yanke wannan hukunci ta wasiƙa.

Ka je sashen fata na asibitin koyarwa ka tambaya ko suna yin gwajin manne. Ana ɗiga ƙananan sinadarai daban-daban a filasta a manna maka a gadon baya, a bar shi awa 48 ba tare da ruwa ya taɓa ba, a cire a duba, a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu. Gurbin da ya yi ja ya kumbura shi ne abokin gabarka. Ka gaya musu aikinka dalla-dalla, ka kuma nuna musu man da kake shafawa.

Man nan, ina kyautata zaton irin mai haɗi uku ne, mai sitiroyid a ciki, wato wani magani mai ƙarfi da ke danne kumburin fata. Yana kwantar da ƙaiƙayi, gaskiya ne, likita ma yana rubuta sitiroyid na ɗan lokaci a ƙa'idance. Amma shafa shi wata da watanni yana sa fata ta yi siriri ta riƙa tsagewa da wuri, ka ga an ƙara buɗe wa ƙarfen ƙofa ke nan. Ka daina sayensa da kanka.

Kafin ka sami ganin likita: safar hannu ta roba mai kauri, mai kai wa gwiwar hannu, irin ta naitiril ko PVC, da siririyar safar auduga a ciki don ta shanye gumi, ka riƙa canza ta audugar in ta jiƙe. Kullum da safe ka hura safar ka matse bakinta ka ga ko tana fitar da iska. Hudajjiyar safa ta fi rashin safa illa, domin tana tara ruwan maganin ta riƙe shi a jikin fata yini guda. In ka tashi ka wanke da sabulu mai laushi, ka tsane, ka shafa man kaɗanya ko basilin, haka bayan kowace alwala, haka da dare. Sannan ka nemi shugaban sashenku ya mayar da kai busasshen aiki na ɗan lokaci.

Abu na ƙarshe. In ka ga wani ɗan gyambo zagayayye mai zurfi a gaɓar yatsa ko gindin farce, kamar an huda da ƙusa, ba ya ciwo sosai amma ya ƙi warkewa, kada ka raina shi. Kuromiyam mai lamba shida yana yin irinsa, an fi ganinsa ga masu rufa wa ƙarfe ƙyalli, kuma hayaƙinsa yana iya huda tantanin da ya raba ƙofofin hanci.

TAMBAYA: Likita barka da aiki. Ni birkila ne, shekara 20 ina gini. Ni dai hannuna ya saba, kaushi kawai da faso. Amma wani yarona da nake koya wa aiki, ranar da muka zuba dakin, wato rufin kankare, ya yini cikin kankare da takalmin roba, da dare ƙafarsa ta saɓule kamar an zuba masa tafasasshen ruwa. Wasu sun ce jininsa ne ba shi da ƙarfi. Yaya abin yake?
Daga wani magini, Zariya

AMSA: Barka kadai maigida. Na ji daɗi da ka tambaya saboda yaronka, ba kowane ubangida ke yi ba. Jinin yaron lafiyarsa ƙalau. Ƙuna ce ta same shi, ƙunar siminti.

Busasshen siminti a buhu kamar ba ya komai, amma da ya sha ruwa sai ya zama abu mai kaifi, dangin sodar da ake dafa sabulu. A ma'aunin da masana ke amfani da shi, mai tashi daga 0 zuwa 14, tsabtataccen ruwa yana 7, fatar mutum wajen 5, kwaɓaɓɓen siminti kuwa 12 zuwa 13. Mugun halinsa shi ne ba ya zafi nan take. Ya zubo ta bakin takalmi, yaro yana ta tattakawa, yashi na gurzar fata, sai bayan awanni a cire takalmi a ga aika-aika. Haka yake yi wa gwiwar mai durƙusawa yana shafe daɓe da jiƙaƙƙen wando. Ranar zuba kankare ka sa su sako ƙafar wando a kan takalmin, kada su cusa ta ciki, in da hali a naɗe bakin da salatif. Wanda siminti ya shigar masa takalmi ya fita nan take, ya cire, ya yi ta kwarara ruwa mai tsabta kamar minti 20. In fata ta tashi ko ta yi baƙi, asibiti za a nufa, kada a shafa man goge baki ko baƙin mai ko toka. Yaron naka in har yanzu ba a kai shi ba, a kai shi yau, irin wannan ƙuna takan fi yadda ake ganinta zurfi.

Yanzu bari in dawo kanka, tunda ka ce hannunka ya saba. A cikin siminti akwai ɗan kuromiyam mai lamba shida, yana samuwa ne lokacin da ake gasa duwatsun a tanderun masana'anta. Kaɗan ne ƙwarai, amma yana narkewa a ruwa, kaifin simintin kuma ya riga ya tsattsaga masa hanya. Fason da kake gani ba komai ba, ta nan yake shiga. Na taɓa duba wani dattijon magini da ya haura shekara 30 yana aiki lafiya, rana ɗaya jikinsa ya juya, har ya kai ko ƙurar siminti ta sauka a wuyansa sai ya kwana yana susa. Ya bar ginin ma ciwon bai sake shi da wuri ba. Da ya nuna mini ƙafarsa na ga sawun maɗaurin takalminsa ya fito raɗau da ƙuraje, domin takalmin ma da kuromiyam aka jeme fatarsa. Na ce masa ya nemi wanda aka jeme da bagaruwa, ko ya koma na roba ko na yadi. Don haka ne ma ba na ba magini shawarar safar hannu ta fata: tana shan ruwan siminti, ita kanta kuma tana iya ɗauke da abin da ake gudu.

Wannan ciwo an san maganinsa tun daga masana'anta, abin da ke ci mini rai ke nan. A ƙasar Denmak tun 1981 aka fara zuba wa siminti ɗan gishirin baƙin ƙarfe, wanda ke mayar da mai lamba shida ya koma mai lamba uku, a 1983 suka mayar da shi doka. Daga watan Janairun 2005 duk Tarayyar Turai ta bi sahu, aka ce kada mai lamba shida mai narkewa a ruwa ya wuce miligiram 2 a kilon siminti, kuma ciwon ya ragu a tsakanin maginansu. Ƙarfin gishirin yana raguwa in buhu ya daɗe a ajiye, shi ya sa suke buga kwanan wata a jiki. Ina ganin ya dace ƙungiyoyin magina su tambayi masu yin simintin da muke saye ko nawa ne a cikin nasu, su nemi a rubuta a jikin buhu.

Kai kuma abin da ke hannunka shi ne yaran nan. Mai shekara 16 da ya fara kwaɓa da hannu tsirara yau, shi ne zai iya rasa sana'ar yana ɗan shekara 30. Kuɗin safa guda bai kai na buhun siminti ɗaya ba. Ka ajiye jarkar ruwa mai tsabta da sabulu daban, a daina wanke hannu a durom ɗin da ake wanke cokali da shebur.

TAMBAYA: Likita, in aka tabbatar aiki ne ya jawo wa mutum ciwon fata, akwai wani haƙƙi da yake da shi? Mu ba a ba mu takardar ɗaukar aiki ba, kullum ake biyanmu.
Daga wani lebura, Kaduna

AMSA: Akwai, ɗan'uwa. A Najeriya Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta haɗa da cututtukan da aiki ke jawowa, ba sai wanda inji ya yanke ba, kuma ta ambaci ma'aikacin wucin gadi da ɗan koyo. Hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin tarayya, NSITF, ke riƙe da asusun diyyar. Mai kamfani ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, ba a yarda ya cire daga kuɗin ma'aikaci ba. Ana so ka sanar da wurin aikinka cikin kwana 14, a kuma shigar da neman diyya cikin shekara guda. Ba zan ɓoye maka ba, wanda ba shi da takarda yakan sha wuya kafin ya tabbatar da maganarsa. Don haka ka fara tara shaida tun yanzu: katin asibiti, rubutun likita mai ambaton irin aikinka, hoton hannun a ranakun aiki da bayan hutu, da abokan aiki biyu da za su shaide ka. Ka yi sanarwar a rubuce ka riƙe kwafi, in kuna da ƙungiya ka bi ta hannunta.

TAMBAYA: Likita ina wuni. Na samu aiki wata 4 da suka wuce a inda ake tsoma ƙananan kayan ƙarfe a wani koren ruwa su fito suna ƙyalli. Ni aikina jerawa da shiryawa. Yatsuna sun fara ƙaiƙayi da ja. Tun ina yarinya in na sa ɗan kunne mai araha kunnena ke yin ruwa. Ko akwai alaƙa?
Daga wata matashiya, Legas

AMSA: Lafiya lau 'yata. Akwai alaƙa ƙwarai, kuma kin yi basira da kika haɗa su. Koren ruwan nan ga dukkan alamu gishirin nikel ne, nikel kuwa shi ne kan gaba a duniya cikin ƙarafan da fata ke ƙulla gaba da su. Mata sun fi maza samunsa saboda hujin kunne: ana sa ɗan kunne mai nikel a ɗanyen rauni, jiki ya shaida shi tun daga nan. Turawa tun 1994 suka ƙayyade yawan nikel ɗin da kayan ado za su iya saki a jikin fata saboda wannan dalili. Ke da alama kin je aikin ne da gabar a ƙulle, gumin yatsunki kuma yana narkar da ɗan abin da ke jikin kayan, balle waɗanda ba a ɗauraye su sosai ba.

Ki sa siririyar safar naitiril, ki cire zobe da agogo lokacin aiki domin ruwa na maƙalewa a ƙarƙashinsu. Ki duba cibiyarki inda maɓallin wando ko kan bel ke taɓawa, da wuyanki inda sarƙa ke kwanciya. In gwajin manne ya tabbatar, shawarata ki nemi a canza miki sashe tun ciwon bai zauna ba. Hannun da ya shekara yana tashi yana kwanciya ya fi wuyar dawowa daidai.

TAMBAYA: Malam Likita, muna wankin zinare. Da tafin hannu muke murza makuri a cikin kwano ya kama zinaren, mu matse a ƙyalle, mu ƙona. Shekara 3 ban ga ya yi wa hannuna komai ba. Shin da gaske yana da illa?
Daga wani mai haƙar zinare, Neja

AMSA: Da gaske ne malam, kuma rashin ganin komai a hannun shi ne yaudararsa. Zaiba, wadda kuke kira makuri, abin da ke ratsa fata daga cikinta kaɗan ne, sai dai in akwai rauni. Babbar ƙofarta hanci ce. Ko a ajiye take a buɗe tana tashi ta zama tururin da ba a gani ba a jin warinsa, in aka ɗora dunƙulen a wuta kuwa gaba ɗayanta take tashi, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na abin da aka shaƙa jiki ke riƙewa, ya kai wa ƙwaƙwalwa da ƙoda. Wadda ta maƙale a hannu da farce da aljihun riga tana bin ka har ɗaki ta ci gaba da tashi kana barci.

Ka gwada wannan: miƙe hannuwanka biyu, ka ɗora takarda a bayan yatsu, ka ga ko tana rawa. Ka tambayi iyalinka ko sun ga ka ƙara saurin fushi ko mantuwa. Ka lura da dasashi, ko yana kumbura, ko yawu ya yi yawa. Ko ɗaya ka gani, ka je asibiti ka ce da zaiba kake aiki. Illarta ce ta sa ƙasashen duniya suka sa hannu a Yarjejeniyar Minamata a 2013, mai ɗauke da sunan garin nan na Japan da gubar zaiba ta nakasa mutanensa. In ba za ka iya barinta yanzu ba, kada ka sake ƙonawa a ɗaki ko a madafa ko kusa da mai ciki da yara. Akwai 'yar rufaffiyar tukunya mai bututu da ake ƙonawa a ciki, tururin ya huce ya koma zaiba a cikin ruwa, mai walda zai iya haɗa muku ita da guntayen fayif, ga shi za ku sake amfani da abin da da iska ke kwashewa. Murzawa kuma da safa, a ajiye ragowar a kwalba mai murfi da ruwa a samanta.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Maigidana yana aiki inda ake fasa tsofaffin batiran mota ana narka dalmar. Yana dawowa hannunsa da kayansa sun yi toka-toka. Fatarsa ba ta ƙaiƙayi, amma yana yawan ciwon ciki da taurin bayan gida da kasala. A wurin aikin an ce su riƙa shan madara tana wanke guba. Ni ke wanke masa kaya, muna da yara biyu, ƙaramin watansa 14, da ya ji sallamar babansa yake rarrafowa ya ɗauke shi. Hankalina bai kwanta ba.
Daga wata uwargida, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Rashin kwanciyar hankalinki yana kan hanya, kuma wasiƙarki ce ta fi tsaya mini a rai cikin duk na wannan wata.

Dalma ba kamar kuromiyam ko nikel take ba. Ba ta cika sa ƙuraje ba, ba ta kuma ratsa lafiyayyar fata sosai. Hannu abin hawanta ne kawai. Tana kwanciya a tafi da ƙarƙashin farce, mutum ya ɓare goro, ya kunna sigari, ya ci gurasa a bakin aiki, ya share gumi a leɓe, ta shige ciki. Ga kuma hayaƙin narkawa da yake shaƙa. Ciwon ciki, taurin bayan gida da kasala da kika lissafa duk suna cikin alamominta, haka ƙarancin jini, hawan jini, ciwon ƙoda, raunin wuyan hannu da matsalar haihuwa. Madara abinci ce mai kyau, kuma gaskiya ne cikin da ba komai ya fi saurin tsotse dalma, amma ba ta wanke wadda ta riga ta shiga jini. Gwangwanin madara ba zai maye gurbin famfo da sabulu da abin rufe hanci ba, in ma da dattin hannu aka sha ta, an ƙara ne.

Babban tsorona yaron nan ne. Abin da yaro ya haɗiya na dalma, jikinsa yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba zai tsotsa, ga shi komai ya samu baki yake kai wa, ƙwaƙwalwarsa kuma yanzu take ginuwa. Ba mu manta da Zamfara ba. A 2010 aka gano yara suna ta mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, aka rasa kimanin 400, sanadin dutsen zinare mai dalma da ake kawowa cikin gida ana daka ana niƙa. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi shekaru tana ba yara maganin fitar da gubar. A 2015 aka sake gani a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Iyayen nan ba su san suna shigo da komai gida ba, ƙura ce kawai a ganinsu. Wadda ke jikin rigar maigidanki ita ce dai wannan ƙura, ko da yawanta bai kai waccan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma da an auna an ga maikurogiram 5 a desilita, a nemo inda take fitowa a toshe.

Ki zaunar da shi cikin natsuwa, a lokacin da ya huta, ki nuna masa wannan shafi. Kayan aiki da takalmin aiki su tsaya a wurin aiki, ya tafi da na canzawa a ɗaure cikin leda. In babu wurin wanka a can, to da ya shigo ya wuce banɗaki, ya yi wanka da sabulu har kai da gemu, ya goge ƙarƙashin farce da buroshi, sannan ya ɗauki ɗansa. Na san da wuya uba ya ga yaro ya rarrafo ya kauce masa, ke ce za ki riƙe shi na minti goman nan. Ruwan alwala kaɗai ba ya fitar da ita, kafin cin abinci a wurin aiki sai da sabulu, a kuma ci nesa da inda ake narkawa. Kada ya wanke hannu da fetur ko kalanzir. In dole ke za ki wanke kayan, kada ki kakkaɓe su, ki jiƙa su tukuna, a bokiti na daban, da safa a hannunki, ruwan kuma kada a zubar inda yara ke wasa. Ɗaki da tsakar gida a riƙa gogewa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara mai tayar da ƙura. In kina sa wa yaran kwalli irin na dutse, ki dakata, shi ma yawancinsa dalma ce. In kuma kina da ciki ko kina shayarwa, ki gaya wa likita, tana ratsawa zuwa ga ɗan tayi.

Gwajin jini ne kaɗai zai nuna inda aka kwana, ba a ganewa da ido. Ku je babban asibiti ku huɗun, ku ce gwajin dalma a jini kuke so, ku faɗi aikin da yake yi. In ƙaramin ya fara amai, ko yawan barci, ko ya yi jijjiga, kada a jira gari ya waye. Ku yi ƙoƙari ku je cikin makon nan, in sakamako ya fito ki rubuto mini lambobin da ke jikin takardar, zan yi miki bayaninsu.